Yadda Na Sauke Masu Umara a Ƙofar Wurin Wasan Yara

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na shiga tseren gudu a Madina ba, kuma ko na so in manta, Hamza ba zai bar ni ba. Hamza ƙanin matata ne, haifaffen unguwar Harra ta Yamma a nan Madina, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake zagina. Shi ya laƙaba mini suna Abu Kirsh, wato mai tumbi, sunan ya bi dangi har surukata ta fara kirana da shi (ita a zatonta girmamawa ce).

Da aka sanar da tsere a wani wurin wasan yara, irin mai lilo da jirgin ƙasa, wanda a nan ake ce wa malahi, sai muka yi yarjejeniya a gaban kowa: in na riga shi ƙarasawa, an binne sunan. Na ɗauki abin da zafi. Kullum bayan asuba ina zagaye unguwarmu ta Uhudu ina haki, masu rumfar dabino suna yi mini sannu kamar mara lafiya.

Saura yadda zan isa wurin, don da sanyin safiya za a tashi. Hamza ya ce, "Yaya, ta'al, zo mu tafi a motata." Na ƙi, don na san kafin mu isa ya gama kashe mini gwiwa da dariya. Tasi kuma a wannan lokacin sai ka kira, direba ya amsa, ya koma barci. Sai na tuna da Lawali, maƙwabcina ɗan Maraɗi, mai tuƙa bas ɗin masu umara. Ranar zai kai wasu miƙatin Bi'ir Ali su ɗauki harami, kuma malahin a kan hanya yake. Na yaba wa kaina da wannan dabara.

Na sa kayan gudu, riga mai kama jiki da wando iya gwiwa, na ɗora farar jallabiya a kai don mutunci. Lawali ya zaunar da ni kujerar gaba. Abin da ban lura ba shi ne kujerar malamin tawaga ce, shi kuma malamin ya riga ya wuce a wata motar. Dattawa ne cike da bas ɗin, zuwansu na farko. Wani Alhaji ya leƙo ya ce, "Malam, in mun isa me za mu fara yi?" Maimakon in ce ni ba malami ba ne, sai daɗin girman ya kwashe ni, na ce, "Baba, kada ku damu, in an isa za ku gani."

Muka tsaya ƙofar malahi ana kiran masu gudu su jeru. Hankalina ya tashi. Na miƙe a gaban mota, na yi bismilla da ƙarfi, na tuɓe jallabiya, na dira.

Ina ɗaure takalmi na ji hayaniya a bayana. Na waiwaya, sai ga dattawan nan suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya cire riga yana warware haraminsa. Sun ga malam ya tuɓe, ai an iso miƙati ke nan. Alhajin nan ya ɗaga kai ya dubi ƙaton lilo mai fitilu, ya dubi wandona, ya ce a hankali, "Malam, ina masallacin?" Lawali yana ta "Alhazai ku koma, ba nan ba ne," masu gadi suna tambayar me ke faruwa, Hamza kuwa yana layin farko ya riƙe ciki ya durƙusa don dariya.

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Da aka busa usur ban ma san na tashi ba, ni dai burina in yi nisa da bas ɗin nan. Ina wuce ta na ji wata Hajiya ta taga tana cewa, "Allah ya ba ka sa'a, ɗan nan." Addu'ar matafiyi ce, kuma a Madina. Hamza da dariya ta cinye wa numfashi tun kafin a fara, na bar shi wajen jirgin yara, ban sake ganinsa ba sai da na sha ruwa na huta, sannan ya iso yana jan ƙafa. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Abu Kirsh ya mutu ranar, a gaban shaidu. Yanzu dangi duk Mutawwif suke ce mini, wato jagoran alhazai, kuma na karɓa, ya fi tumbi. Darasin da na koya dai, in za ka tuɓe riga, fara duba su wa ke bin ka.