Tausar 'Yan Laraba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, da ranar da uwar mijina ta miƙe a gaban malamaina ta yabe ni. E, yabo. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ni ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ce a wani asibiti nan cikin Katsina. Aikinmu na hannu ne: mu danna, mu ja, mu murɗa gaɓa har ta saki. Amma a wajen Hajiya, mahaifiyar maigidana, duk wannan sunansa ɗaya. "A tahi jami'a don a koyo tausa? Ai da kun hwaɗa mani, da na koya mata a tsakar gida." Ta riga ta yanke hukunci cewa da na gama digiri na biyu in ajiye aikin in zauna gida. Shi kuwa maigidan, bawan Allah, tunda aka haife shi bai taɓa ce wa Hajiya a'a ba, kuma ba a kaina zai fara ba. Ni ko ina son aikina kamar me.

Binciken digirin nawa a kan ciwon baya ne. Tambayar ita ce: dannar da muke yi ce ke kawo sauƙi da gaske, ko kuwa jin an taɓa mutum ne kawai? Don a gane, sai na raba matan da suka yarda su shiga gida biyu ta hanyar ƙuri'a. 'Yan Litinin su ake yi wa aikin gaske. 'Yan Laraba kuwa in kwantar da mutum, in ɗora hannu, in ɗan shafa, in tamke fuska kamar mai wani gagarumin aiki. Mu a tsakaninmu tausar bogi muke ce mata. Kowa sai na yi mata bayani tun farko cewa za ta iya faɗawa ko'ina, kuma ba za a gaya mata ba sai an gama.

Kwatsam wata safiya sai ga Hajiya ta shigo tana dafe da ƙugu. Ciwon baya ya matsa mata har salla a zaune take yi.

"Na zo in ga abin da ke hana ki zama gidan mijinki," in ji ta.

Na durƙusa na gaishe ta, na zayyana mata bayanin nan kaf. Tana ta "to, to," rabin hankalinta na kan wata tsohuwar maƙwabciyarta ta Ƙofar Sauri da ta hango a layi. Ta sa hannu ta ɗauki ƙuri'a. Laraba.

(Gaskiya har hamdala na yi a zuciyata. Ku gaya mini, da wane idon zan haye gadon bayan uwar mijina ina murɗa ta?)

Haka muka fara. Duk Laraba in shafa Hajiya a hankali, ita kuma tana lumshe ido tana "wash, nan ne, nan ne." Ikon Allah, ba a daɗe ba sai ga Hajiya tana ruku'u. Sai ga ta a Babbar Kasuwa da ƙafarta tana ciniki. Gidan suna, gidan biki, zancen ɗaya ne: "Hannun yarinyar nan akwai albarka." Maganar ajiye aiki ta mutu murus. Har dambun nama ta aiko mini, ni kuma, marar kunya, na zauna na cinye abina.

Da aka gama binciken ya kamata in gaya mata, kamar yadda na gaya wa sauran. Sai in shirya, in je gidan, ta tarbe ni da "Likita, sannu da zuwa," sai in fasa. Kullum gobe.

Ranar da zan gabatar da sakamako, ina hawa gaban allo sai na ji ƙamshin turaren da na sani. Hajiya ce a sahun gaba, cikin leshi, ta sa maigidan ya kawo ta. Na yi jawabina da Turanci, gumi na bin bayana. Na bayyana aikin 'yan Litinin, na bayyana bogin 'yan Laraba, har da kwaikwayon yadda nake tamke fuska, aka yi dariya. Hajiya ma, da yake ba ta jin Turanci, ta yi dariya, ba ta san da ita ake ba.

Farfesan da ke duba aikina ya ce ko akwai mai tambaya. Hajiya ta miƙe.

"Ni ba tambaya gare ni ba, shaida ce. Ni nan da kuke gani, ko tsintsiya ban iya duƙawa in ɗauka. Ɗiyar nan ta sa mani hannu, ku duba!" Ta duƙa ta taɓa ƙasa, ta miƙe tsaf. Aka ɗauki tafi.

Farfesa ya gyara tabarau. "Ma sha Allah, Hajiya. Wace rana kike zuwa?"

Na rufe ido ina karanto duk addu'ar da na iya.

"Laraba! Ban taɓa fashi ba."

Kowa ya shiga danne dariya. Sai wani daga baya ya kasa riƙewa, shi ke nan kowa ya fashe. Farfesa ya cire hula ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Hajiya ta waiga ta ce, "Mi ya faru?" Shi kuma maigidan nawa, da bai taɓa ɓoye mata komai ba, ya sunkuya ya fassara mata tas.

Ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi.

"Wato duk zuwan nan, shafa ni kike kamar mage?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba jarabawar nake tunani ba, aikina nake gani yana tafiya.

Muka shiga mota. Kafin mu kai gida ciwon bayan ya dawo, sai da muka kama ta muka fito da ita. Maigidan ya ɗan yi gyaran murya ya ce, "To Hajiya, sai ta ajiye aikin ke nan?"

"Ta ajiye? Ta ajiye ta tahi ina da haƙƙina? Ba ta barin aikin nan sai ta yi mani na gasken. Kuma in gani da idona irin wanda ake ma mutane!"

Ina nan ina aikina har yau. Sai dai yanzu ni ke zuwa gidanta da kaina, in durƙusa in gaishe ta, sannan in murɗa ta tana ihu tana cewa in ƙara. Likitan ma ta daina ce mini.

Abin da na koya shi ne, a makaranta sunan abin bincike, a gidan surukai kuwa sunansa rainin wayo.