Farfesa Ya Gwada Makullinsa

"Ni? A sace mini asusu? Uwar wanda zai iya ma ba a haife ta ba!"

Haka Farfesa ya faɗa yana dukan ƙirji a falonsa, ranar da labari ya bazu cewa kalmomin sirri na miliyoyin mutane sun tsiyaye a intanet. Kada sunan ya ruɗe ka, ɗan'uwa. Aikinsa a shagon buga takardu ne, kuma babbar fasaharsa ita ce zaro takarda idan ta maƙale a inji. Amma tunda yana wuni kusa da kwamfuta, ya naɗa kansa sarkin tsaron dangi.

Matarsa ce ta shiga damuwa, don kuɗin da take tarawa na keken ɗinki shi ya lallaɓe ta ya mayar da su kirifto, wato kuɗin intanet, suna zaune a wayarsa.

"Maigida, an ce kowa ya canza kalmar sirrinsa."

"An ce! Wa ya ce? Jahilai ke canzawa. Masana bincike suke yi."

Ya kishingiɗa ya fara binciken. Can a ƙasan wani bidiyo, cikin sharhin jama'a, ya tsinci wani shafi mai hoton kwaɗon ƙofa na zinariya: rubuta imel ɗinka da kalmar sirrinka, mu duba maka ko sun fita. Gwanin naka ya rubuta, har da komawa ya gyara harafin da ya kuskure, kada ya wahalar da bayin Allah. Shafin ya yi kore shar, ya ce: Madalla, tsaronka ya kai matuƙa.

"Zo ki gani! Na'ura da kanta ta sara mini."

"Amma ba ka ba su kalmar ba kenan?"

"Ba ba su na yi ba, gwadawa na yi. Ke dai fannin ya fi ƙarfinki."

Yabo ya yi masa daɗi, ya nemi ƙari. Shafin ya ce masu kirifto ma za su iya gwada kalmomin sirrin da ke buɗe jakar kuɗinsu ta waya, waɗanda kowa ya san ko mahaifiyarka ba ka faɗa wa. Farfesa ya jera su tsaf. Kore kuma! Ya ɗauki hoton allon ya watsa a zauren hirar dangi na waya, ya rubuta a ƙasa: A yi koyi da manya.

Bai gama sa takalmi zai koma shago ba yayarsa ta kira.

"Kai, wane asibiti aka kwantar da kai? Saƙonka ya shigo wai a taimaka."

"Ni? Ga ni a tsaye garau, Yaya!"

"Shi ya sa na yi mamaki. Saƙon har da gaisuwa da don Allah, na ce wannan ba ƙanena ba ne."

Farfesa ya katse kiran. Ya buɗe jakar kirifto, ya tarar an share ta tas, ko ƙura ba a bari ba. Ya rufe, ya sake buɗewa. Ya goge allon da gefen riga. Ya ɗaga wayar sama wajen taga.

"Matsalar sabis ce," ya ce da wata siririyar murya.

"Sabis ɗin ne ya tafi da kekena?" in ji matar, ta riƙe ƙugu.

"Kwantar da hankalinki. Yanzu zan shiga imel in kamo ɗan banzan ta wuya."

Ya rubuta kalmar sirri, aka ce ba daidai ba. Ya danna inda aka rubuta na manta, aka ce an tura lamba zuwa wata wayar da bai taɓa gani ba. Ya gwada bi ta wata hanyar, aka nemi zanen yatsa. Ya dangwala nasa, aka ce ba a san wannan yatsan ba. Ashe ɓarawon, da shigarsa, ya canza kalma, ya kunna tabbaci mai mataki biyu, ya toshe duk wata kafa.

Farfesa ya zube a kujera. "Wallahi ya kulle ko'ina. Ko ni na kasa shiga."

Matar ta karɓi wayar, ta duba, ta gyaɗa kai.

"To, alhamdulillahi," ta ce. "Keke dai ya tafi, amma yau asusunka ya samu mai kula da shi."