Yadda Za Ka Sha Giyar 'Yarka Mai Ɗaci Ba Tare da Fuskarka Ta Tona Ka Ba

Idan ka bi abin da zan faɗa maka daki-daki, na yi maka alkawari za ka shanye kofin giyar da 'yarka ta dafa da ganyayen dutse, ka ajiye, ka yi murmushi, ba kuma wanda zai gane cewa harshenka kuka yake yi. Ni Gawie Zimri a kaina na gwada, a gaban shaidu, wata Lahadi bayan an taso daga coci. Hanyar ba ta da aibu ko kaɗan. Inda ta ɗan karkace laifin kunnena ne, za mu zo wurin.

1. Ka fara sanin abin da ke gabanka

Giya ta gaskiya kowa ya san ta. Mai sanyi ce, a kwalba take zuwa, kana kurɓa kana juya nama a kan garwashi, ba ta neman ka yi wani tunani. To wannan ba ita ba ce.

'Yata Wilmien ta yi shekaru a Cape Town tana aiki a wani ofishin inshora. A can wasu samari masu gemu suka koya mata dafa giya da wani fure da suke kira hop, wanda ba shi da aikin yi a duniya sai ɗaci. Ta dawo mana nan ƙauyenmu a duwatsun Cederberg da manyan tukwane biyu, ta kwashe kayan jakina daga ɗakin baya, ta hau dutse ta yanko ganyen wani tsiro da muke kira bucu ta ƙara a ciki. Ofishin kuwa sun ce ta koma kafin wata ya ƙare, ko su ba wani kujerarta.

Ta ce da ni, "Baba, in mutanen gida suka sha ta a matsayin giya, zan zauna in riƙa dafa ta a nan. In ta gagare su, sai in tattara tukwanena."

Tun da uwarta Katrien ta rasu, ni da rediyo muke hira a gidan nan. Ba na so ta koma, ba na so ko kaɗan. Kai ma in taka ta gindaya maka irin wannan sharaɗi, ka sani ba giya za ka sha ba, jarrabawa za ka zauna.

2. Ka manta da duk abin da ka sani game da bucu

Wannan ne mataki mafi wuya, domin a wurinmu bucu magani ne. Ciwon ciki bucu, ciwon mara bucu, targaɗe a jiƙa shi a ruwan tsami a ɗaure. Mutanen birni suna jin ƙamshinsa su lumshe ido, su ce yana tuna musu da daji bayan ruwan sama. Mu kuwa yana tuna mana da kwanciya a gado da bargo biyu.

Saboda haka da zarar an buɗe tulun, hancinka zai aiko wa bakinka da tambaya. Ka danne ta. Abokina Dirkie, wanda muka yi yankan jan shayi tare tun muna samari, bai danne ba. Ƙafarsa ɗaya a waje ɗaya a ciki, ya ɗaga hanci ya ce, "A'a, wa ke kwance a gidan nan ba a gaya mini ba?"

3. Ka tace waɗanda za ka gayyata

Kada ka gayyaci yayar matarka. Na san za ta zo ko ba ka gayyace ta ba, amma dai kada a ce kai ka kira ta.

Goggo Mieta, yayar Katrien, ta zauna, aka ajiye mata kofi cike. Ta sunsuna, ta gyaɗa kai irin na wadda ta gane ciwon, ta sa hannu a aljihu ta fito da cokalinta. Ta ɗebi cokali guda, ta rufe ido ta haɗiye.

"Sau nawa ake sha a rana, 'yar nan? Kafin abinci ko bayan abinci?"

"Goggo, giya ce fa. Sha ake yi don nishaɗi."

"Uhm. Yana da ƙarfi kuwa, Allah ya yi miki albarka."

Daga nan ta ɗan ɗage siket, ta tsiyaya sauran a tafin hannu, ta shiga murza gwiwarta. Ta ce tana jin yana shiga. Dirkie shi kuma ya toshe hanci da yatsu biyu, ya ɗaga kofin gaba ɗaya kamar yadda uwarsa ta koya masa, ya dire, ya tambaya ko akwai sukari a kusa.

Wilmien ta yi dariya tare da kowa. Amma na ga idonta ya tafi wajen ɗakin baya, inda tukwanen suke. Biyu sun faɗi jarrabawa, saura kai kaɗai, kuma naka ne ake jira tun farko.

4. Ka ja lokaci

Gwani ba ya gaggawa. Ɗauki kofin ta ƙasa, ka ɗaga shi wajen taga. Za ka ga ruwan ya yi duhu-duhu kamar na kwatami bayan shanu sun sha. Kada ka faɗi haka. Ka ce, "Kalar nan ta zauna." Ba wanda ya san ma'anarsa, har da kai, shi ya sa ba mai musa maka.

Juya kofin a hankali. Duba kumfar. Ka sake dubawa.

5. Ka shigo da kalmominka a aljihu

Kada ka yarda ka ce "da daɗi". Yaro ma da ganin bakinka ya san ƙarya ce. Ni na kasa kunne lokacin da Wilmien take waya da masu gemun nan, na tsinci abin da zai ishe ni. Ana cewa giya "tana da jiki". Ana cewa "tana buɗewa a hankali". In ɗacin ya maƙale maka a maƙogwaro har washegari, sai ka ce "ƙarshenta dogo ne", kuma yabo ne.

Na yi ta maimaita su ina aske gemu, har jakin ma na gwada a kansa. Bai musa ba.

6. Ka sunsuna, amma sama-sama

A nan akwai rami, ni kuma na faɗa. Masana sun ce a zura hanci cikin kofi a ja numfashi mai tsawo. Kai kada ka ja mai tsawo.

Na ja. Ɗacin furen ya wuce, sai ganyen ya taso daga ƙasa, kuma ba bucun kasuwa ba ne. Na gangaren bayan wani kogo ne can kan dutse, inda Katrien take zuwa da laujenta bayan ruwan farko. Sama-sama take yanka, ba ta taɓa tumɓuke saiwa ba, ta dawo hannuwanta kore shar, ƙamshin ya kwana a zanenta da matashin kai. Ban sake hawa wurin ba tun da muka binne ta. Ban ma san yarinyar ta riƙe hanya ba.

In haka ta same ka, ka yi tari, ka ce kumfa ce ta shiga hancinka. Ka wuce mataki na gaba da sauri.

7. Ka kurɓa, ka tsare fuska

Ga sirrin duka. Ɗaci dole ya fita ta wani wuri a jikin mutum, aikinka shi ne ka tura shi inda ba a gani. Ka murɗe yatsun ƙafarka a cikin takalmi. Ka matse gwiwa a ƙarƙashin tebur. Idonka ka kafa shi a kan dutse ta taga, kamar mai tuna wani abu mai zurfi.

Sai kuma hula. Kowane mutum yana da gaɓar da ke tona shi, tawa kunnen hagu ne: in na sha abu mai ɗaci sai ya motsa da kansa. Don haka na zo da hular sanyi, na ja ta har wuya, ana tsakiyar zafi. Dabara ce mai kyau, kuma da ta yi aiki, ba don Goggo Mieta ta tuna ba a yi addu'ar abinci ba.

"Gawie, a gaban Ubangiji za ka zauna da hula kamar ɗan kamasho? Cire."

Na cire. Aka ce amin. Na kurɓa.

Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Ka ɗauka ka tauna ɓawon lemo da reshen itace tare, wani kuma yana tsaye yana jiran ka gode masa. Yatsuna suka murɗe, gwiwata ta matse, fuskata ko gezau. Na haɗiye, na ce da murya irin ta manya, "Tana da jiki. Tana buɗewa a hankali."

Kunnen ya motsa har sau biyu.

8. In an kama ka

Dirkie ne ya fara nunawa da yatsa, yana dariya har da buga tebur. Abokin ƙuruciya ba shi da wani amfani da ya wuce wannan.

Wilmien ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, ba ka son ta."

A nan littafin dabara ya ce ka musa, ka rantse, ka ɗora wa ƙuda laifi. Na buɗe baki zan yi hakan, sai na ga yadda ta riƙe bakin tebur, irin riƙon uwarta in tana jiran a gaya mata gaskiya.

Na ce, "Ɗaci gare ta kamar masifa, 'yata."

Ta gyaɗa kai, ta miƙo hannu za ta ɗauke kofin. Na riƙe abina.

"Ina za ki kai? Ban gama ba."

"Ba dole, Baba."

"Bucun bayan kogo ne, ko ba shi ba?"

Ta ce shi ne. Na ɗaga kofin na ci gaba da sha, kunnen yana ta aikinsa a gaban kowa, ban ƙara ɓoye shi ba. Da na dire, na tura mata kofin ta ƙaro. Goggo Mieta ta daina murza gwiwa tana kallona.

Wilmien ta zuba. Ta ce, "Haka kake yi wa jiƙon Mama. Ka yi ta mita, kunne yana rawa, kuma ba ka taɓa barin ko ɗigo a kofi ba."

Goggo ta ce, "Ai ko lafiyarsa lau sai ya ce cikinsa na murɗa, don dai ta dafa masa."

Wannan ba a tambaye ta ba, amma ban ƙaryata ba.

9. Ka shirya wa abin da zai biyo baya

Da yamma ina gyara wa jaki ciyawa, ta zo ta tsaya a bayana. Ta ce bucun bayan kogo ba zai ishe ta ba in za ta riƙa dafawa duk wata, ba ta kuma so ta yanke shi har ya mutu. Ta ce ta san Mama tana da wani wuri can sama, amma ita tana ƙarama lokacin, ta manta hanya.

Na ce na san wurin. Ban tambaye ta zancen ofis ba, ita ma ba ta ɗauko ba. Kayan jakina dai har yau a waje suke kwana.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin komai. In ka bi ta gwiwoyinka suka kumbura saboda hawan dutse da tsufa, ka je wurin Goggo Mieta, ta ajiye kwalba guda don shafawa. In masu gemu suka fara sauka a ƙofar gidanka ranar Asabar suna kiranka Kawu, suna tambayar ra'ayinka a kan kumfa, kai ka jawo. In 'yarka ta ji daɗin zama har ta fara zancen wata sabuwar giya da wani ganye da ya fi wannan ɗaci, kada ka zo mini da kuka, ni ma ina cikin nawa.

Kuma kada wani ya je ya ce na ce giyar nan tana da daɗi. Ba ta da shi. Duk Lahadi ake ajiye mini kofi, duk Lahadi kunnena yake rawa, kuma duk wanda ya taɓa mini kofin nan kafin in shanye, ni da shi ne.