Rasuwar Kawu Clem, Firjin Mota, a Mashigin Rafin Mulga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaro a bushe, Narelle Pruett, uwar Immy, tana sanar da duk mai bin wannan hanya rasuwar firjin motarsu, wanda ’yan gida ke kira Kawu Clem. Rai ya yi halinsa ranar Talata da misalin ƙarfe biyu na rana, a bayan mota, tsakanin buhun dankali da akwatin kayan gyara, a kwana na tara na hutun da suka fito yi a daji. Ya rasu yana da shekara ashirin da shida.

Marigayin ya shigo gidan ne cikin kayan gadon da surukinta ya bari. Shekara ashirin da huɗu ya yi yana sanyaya giya da naman gashi, ba a taɓa jin ƙorafinsa ba. Shekara biyu da suka wuce likita ya ce Immy tana da ciwon suga. A ranar Narelle ta kwashe gwangwanayen da ke kwandon sama ta jera allurar insulin, maganin da zafi ke lalatawa, kuma tun daga nan babu mai ɗaga murfin sai da izininta. Kawu ya karɓi sabon aikin da natsuwar dattijo. Idan zai fara sai ya yi gyaran murya, gurrr, ya daɗe yana gunaguni, sannan ya yi ƙyat ya huta. Narelle takan kasa kunne ga wannan gunagunin kamar yadda take sauraron numfashin ’yarta lokacin tana jaririya.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Kowa ya sani, a kan gargadar hanyar daji gudun kilomita tamanin ake yi, don tayoyi su riƙa taɓa kan tudun kawai, na cikin mota su ji daɗi. Darcy, mijin Narelle, ya riƙe wannan ƙa’ida kamar wasiyya. Abin da bai faɗa ba shi ne, da safe ya kwance ɗaya daga igiyoyin da ke riƙe da Kawu ya ɗaure shimfiɗun kwana a saman mota.

Narelle ta ce, “Darcy, rage gudu, ina jin Kawu yana buga kai.”

“Haba Nell! Tsohon nan ya ga hanyar da ta fi wannan tun kina rarrafe. In na rage, haƙoranki ne za su zube.”

Haƙoran kowa suna nan lafiya.

An yi iya ƙoƙari. Darcy ya canza fis ɗin wuta, ya hure wayoyi, ya kifa shi ƙafa a sama kamar yadda mahaifinsa ke yi, har mari biyu ya ba shi. Shiru. Immy ta kara kunne a jikinsa ta ce, “Mama, barci Kawu yake?” Uwar ta ce, “Barci yake, ’yar lele. Zo ki sha ruwa.”

Ya rasu ya bar Narelle, da Darcy wanda tun Talata bai haɗa ido da ita ba, da Immy mai shekara biyar. Ya bar man shanu da ya koma ruwa, da naman da aka riga aka binne nesa da tanti saboda ƙudaje, da gwangwani goma sha biyu na giya mai ɗumi waɗanda ba wanda ya tausaya musu. Ya kuma bar marayu uku, wato kwalaben insulin, kuma dominsu aka rubuta wannan takarda.

Da iyalan sun wuce gaba, to amma rafi ya kawo. Ruwan da aka yi can arewa mako guda da ya wuce ne ya iso yanzu, alhali nan ko gajimare ɗaya babu. Man da ke tanki na isa gidan mai na gaba ne, ba na komawa baya ba. Waya ba ta kamawa. Darcy yana hawa saman mota da rediyo yana kira, “Akwai mai ji na? Aboki, ko waye kai, amsa mana,” ba abin da ke dawowa sai shuuu.

Marayun suna cikin safar Darcy da aka jiƙa don ta sanyaya su, a rataye a inuwar bishiya inda iska ke bi. Narelle tana zuba wa safar rabin kofin ruwa duk minti ashirin. Jiya zafi ya kai digiri arba’in da huɗu. Ruwan sha ya rage jarka biyu, kuma duk kofin da safa ta sha daga bakin wani aka ɗauke shi, don haka ta daina shan shayi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne maganin ba ya nuna alama. Da mai kyau da wanda zafi ya kashe, duk garau suke kamar ruwa. Sai ta yi wa yarinyar allura, ta jira, ta soki ɗan yatsa ta duba. Lambar sugan safiyar yau ta fi ta jiya, ba ta kuma san ko maganin ne ko zafin ba.

Game da jana’iza: gawar tana kwance a gindin bishiyar da ke hannun hagu kafin mashigi, kilomita biyu daga wannan ƙyauren, kusa da farar mota mai shuɗin tanti. Ba za a kai shi makwancinsa ba sai an isa gari, domin a kansa Immy ke zama a yi mata allura, ta ce nan ne allurar ba ta zafi. Ana karɓar gaisuwa kowane lokaci. An manna sanarwar a ƙyaure ne saboda ba mai wucewa sai ya sauko ya buɗe, don haka kai da ke karantawa, ka riga ka tsaya. Rufe shi yadda ka same shi, ka ƙaraso. Kada a wahala da furanni. Wuri muke roƙo a firjinka, faɗin tafin hannu.