Ranar da Bajapane ya jefo mini ƙwallo

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kawo wani Bajapane lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, a Tasawa. Shekara goma sha biyu ina mushen wasanni, wato malamin wasanni, a wurin, ban taɓa samun ko tafiyar horo ɗaya ba.

Darakta ya ce mana mutumin ya daɗe yana buga besbol a ƙasarsu, wasan da ake dukan ƙwallo da kulki, da shi yake cin abinci. Da kafaɗarsa ta lalace sai ya koma koyarwa. Yanzu malami ɗaya yake nema ya tafi da shi Yamai ya horar.

Nan take na ce ai na san wasan tun ina ɗalibi (a waya na gan shi, sau biyu). Na dubi mutumin, gajere mai furfura, na raɗa wa Madam Hadiza mai koyar da lissafi cewa wanda wasa ya kora shi ke zama mai koyarwa. Ban ma tuna da kaina ba.

Aka taru a fili, har masu amalanke suka tsaya kallo. Na karɓi kulki, na sa tafintan Bajapanen ya gaya masa ya jefo da dukkan ƙarfinsa.

Jifa ta farko ban gan ta ba. Ta biyu na doki iska. A ta uku na zage iya ƙarfina, kulkin ya suɓuce ya tafi, ni kuma na juya kamar katantanwa na zube, wandona ya yage tun daga ƙugu. Ɗalibaina suka yi ta birgima don dariya.

Shi bai yi dariya ba. Ya ɗaga ni, ya yi magana a hankali. Tafinta ya ce, "Wai ka yi haƙuri, mushe. Da hagu ya jefo, damarsa ta daɗe ba ta aiki."

Madam Hadiza Bajapanen ya ɗauka zuwa Yamai. Ita ce kawai ta ce ba ta san komai ba, a nuna mata yadda ake riƙe kulkin. Yau ita ke horar da 'yan matanmu, ni kuwa nake zana musu layi da toka.

Tun ranar na koyi cewa "ban sani ba". Ina faɗinta sau goma a yini, sai dai babu mai tambayata kuma.