Rasuwar Tsinken da Ya Karye a Kwaɗon Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gaban da ke faɗuwa tun shekaranjiya, Ghissa ɗan Akoli na Akokan yake sanar da 'yan uwa da abokan wasa rasuwar tsinkensa na buɗe kwaɗo. Ya cika ranar Litinin da la'asar, yana bakin aiki. Kwanansa goma sha ɗaya a duniya.

Asalin marigayin wayar ƙafar keke ce. Ghissa ya daddake bakinsa da dutse, ya goga shi a dakali har ya yi siriri, ya ɗan lanƙwasa masa kai. Mai haƙuri ne, ba ya son hayaniya. Ya buɗe kwaɗon ɗakin tantabaru sau biyu, ya buɗe na jakar Mina ƙanwar Ghissa, bai bar tabo ba. Maganarsa ɗaya ce a duniya: ƙyas.

Har yanzu ana gardama kan abin da ya kashe shi. Muktari mai shagon wasan bidiyo na bakin kasuwa ya ce hannun Ghissa ne ya yi rawa. Ghissa ya ce wasan ne ya yi masa ƙarya.

Tun da Ghissa ya bar karatun lakwal yake zama gaban tele, talabijin ɗin shagon, a matsayin ɓarawo a wata ƙasa ta dodanni da masu takubba. A can in tsinke ya karye sai ya ɓace, ka zaro wani cikin arba'in. Kwaɗo ba ya riƙe kowa a zuciya. In za ka zari makulli daga aljihun mutum, ka duƙa a bayansa, lamba ta fito ta ce saba'in cikin ɗari. In an kama ka, ka danna, lokaci ya koma baya, mutumin ya sake ba ka ƙeya kamar bai taɓa ganinka ba.

Ga tarihin jinyar. Baba Akoli ya yi shekara ashirin da uku yana haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa kafin a rufe ramin. Tun ƙaramar salla yake tari. Ya je asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa, ya dawo da ƙaton ambulan, ya sa a akwatin ƙarfe, ya datse da kwaɗo. Ya ce mura ce. Ghissa ne ke karanta wa gidan duk wata takardar faransanci. Wannan ce ta farko da ba a miƙo masa ba.

Ghissa ya ƙudura sai ya ga abin da ke ciki. Da aljihun Baba ya fara. Baba na barcin rana a tabarma, Ghissa ya duƙa. Ba lambar da ta fito. Yatsunsa sun taɓa makullin, sun ji an ɗaure shi da zare a jikin riga, sun kuma ji ƙasusuwan haƙarƙari inda da nama ne. Baba bai buɗe ido ba. Ya ce, "Ghissa, kawo mini ruwa." Har yau Ghissa bai sani ba ko ƙishirwa ce.

Sai marigayi. Litinin Baba ya fita masallaci. Tsinke ya shiga kwaɗon akwatin, ya ce ƙyas, ya sake cewa ƙyas. Daga nan ya ce tas. Kan ya tsaya a ciki. An gwada allura, an gwada maganaɗisun tsohuwar lasifika, an ɗiga man gyaɗa. Rai ya yi halinsa.

Ya rasu ya bar kansa a cikin kwaɗon, da gangar jikinsa a aljihun Ghissa, da 'yan uwa talatin da biyar a ƙafar keken da ke ɗingishi yanzu.

Ya kuma bar wasiyya ga masu ƙera wasanni, duk inda suke. Tsinke ya zama ɗaya. In ya karye, ya zauna a ciki, mai akwati ya dawo ya tarar. A cire lambar nan daga bayan mutane. Mai aljihu ya ji hannunka ya yi shiru, ku ci gaba da cin tuwo a kwano ɗaya. A cire komawa baya. Kuma ba kowane akwati ba ne zinariya. A sa wanda in ka buɗe za ka so da ba ka iya ba.

Muktari ya ce wannan wasan ba mai biyan dala ya buga shi. Ya kuma aiko da zarton ƙarfe, ya ce minti biyar ya isa. Zarton na ƙarƙashin katifar Ghissa tun jiya. Bai taɓa shi ba.

Ba za a yi wa marigayi salla ba, ƙarfe ne. Za a binne gangar jikinsa yau Laraba bayan azahar, a gindin itacen bedin ƙofar gida. Ba zaman makoki. Kada kowa ya shigo da gaisuwa, Baba bai sani ba.

Jana'izar kan kuwa gobe Alhamis da safe, a tsakar ɗaki, kafin motar Agadez ta tashi. Baba zai je ganin likitan can, wanda ya ce a zo da ambulan ɗin hoton. Baba zai kwance zare, ya durƙusa, ya sa makulli ya ƙi shiga. Ghissa zai kasance a tsaye a bakin ƙofa. Zarton zai fito, murfin zai buɗe. In Baba ya juyo ya miƙo masa takardar ya ce karanta, da wace murya zai karanta?