Ranar da Na Kunna wa Rana Fitila

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwar Kebbe ba, ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina. Shekarun farko ne bayan samun mulkin kai. Ina saurayin dillali a Tambuwal, ina da jakuna na kaina, ina kuma ganin tsakanin Jabo da Fakku babu wanda ya kai ni wayo.

Wani malamin sakandare daga Sakkwato, Malam Usmanu, ya zo rumfata yana neman mai kai masa kaya Kebbe, don motarsu ba ta iya bin hanyar: akwatuna, da wani dogon madubin hangen nesa mai ƙafa uku. Muna cikin ciniki ya ce gwamnatin Jihar Arewa ce ta ba makarantarsu kuɗi don ɗalibai su yi nazarin sararin sama. Sun lissafa cewa ranar kasuwa ta sama, da hantsi, wata zai tare rana, duhu ya rufe gari. Ya faɗi haka kamar mai faɗin farashin gero. Kafin ya tafi, sai ya tsaya wurin maƙwabcina ya sayi fitila guda.

Na ga fitilar nan.

(A sana'armu ba a yawan tambaya. Da ka nuna abu ya ɗauke maka hankali, kowa ya farga, farashi ya tashi. Don haka ban tambaye shi komai ba, har hamma na yi don ya ga ban damu ba.)

Na zauna na yi lissafina. Gwamnati ba ta zuba kuɗi a kan ƙaramin abu. In har ta turo mota da malami da yara, to duhun nan ba na wasa ba ne, mako zai yi ko ya fi. Ga shi wanda ya san sirrin da kansa ya yi tanadin fitila. Ina sauke masa kayansa a Kebbe na sayar da jakunan duka, waɗanda su ne jarina kaf. Na bi Dogon Daji da Jabo da Tambuwal ina kwashe fitilar ƙwai da aci-balbal da garwar kananzir, kaɗan-kaɗan, don kada a gane.

Taubashina Mamman ya leƙo ɗakin da na tara su, ya ja da baya.

"Kai, wanga ɗaki mi a ciki? Gidan biki zaka buɗewa ko makoki?"

"Ka dai bari," na ce. "Kai ma za ka zo kana roƙo."

Amma gaskiya ni ma ba na son shiga ɗakin. Ko da rana tsaka, in na buɗe ƙofa sai in ga fuskata a jikin kowane ƙwan fitila, ƙanana, a murɗe, duk sun zuba mini ido.

Ranar ta zo. Na yi hayar raƙumi, na jera kayana a bakin kasuwa, dab da filin da ɗaliban suka kafa madubinsu. Suna ta duba agogo, suna rubutu, kowanne riƙe da guntun gilashi baƙi.

Da farko ba komai. Sai hasken ya fara canja launi, ya koma fari-fari kamar fuskar marar lafiya. Rana tana sama, ba gajimare ko ɗaya, amma zafinta ya janye. Wata iska mai sanyi ta taso daga inda ban sani ba. Ƙarƙashin bishiyar da nake, inuwar ganye ta zama ƙananan jinjirin wata, birjik a ƙasa, har a kan hannuna. Kaji suka nufi akurki. Shanun Fulani suka juya da kansu suka kama hanyar ruga, ba mai kora. Sai kasuwar Kebbe, wadda ake jin hayaniyarta tun daga nesa, ta yi tsit, har ina jin ƙarar haƙorana.

A nan ne na tuna kwana da kwanaki ina addu'ar duhun nan ya zo. Ga shi ya zo ya rufe gari, na hau istigfari. Amma dillali dillali ne: na ƙyasta ashana, na bi fitilun ina kunnawa ɗaya bayan ɗaya.

"Fitila! Ga fitila! Yau da kuɗi, gobe babu!"

Muryata kaɗai ke tashi a filin. Mutane suna wuce ni da salati, sun nufi masallaci. Wata tsohuwa mai daddawa ta tsaya ta dube ni.

"Ɗan nan, duniya ka shirin tashi, kai kana tallar kananzir?"

Sai ga Malam Usmanu da gudu. "Don Allah Malam, kashe wutar nan! Yara na son ganin taurari, haskenka ya hana su!"

Ni kuwa na ɗauka salon neman ragi ne. Na ce, "Malam, ko kai yanzu sai ka ninka abin da ka biya rannan."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai gefen rana ya tsage. Haske ya zubo. Wani zakara ya yi cara, ɗalibai suka hau tafi. Kafin mutum ya gama shan kwaryar fura, gari ya koma yadda yake.

Jama'a suka fito daga masallaci suka same ni tsaye, da rana ƙiri-ƙiri, fitilu na ci kewaye da ni kamar kabarin waliyyi.

"Malam," na ce a hankali, "sauran duhun fa? Yaushe zai dawo?"

"Irin wannan? Wataƙila sai jikokinka."

"To fitilar da ka saya?"

"Gilashi muka turara da hayaƙinta, don kada rana ta ɓata wa yara ido."

Mamman, wanda ya biyo ni kasuwar, ya faɗi ƙasa don dariya. Da ya samu numfashi ya ɗaga murya yadda har 'yan kara masu cinikin shanu za su ji: "Jama'a ku matso! Ga wanda yat taimaki rana ta gane hanya!"

Da ƙafa na koma Tambuwal. Na shekara biyu ina sayar da fitilun nan a kan faɗuwa kafin in sake mallakar jaki, kuma duk amaryar da aka yi a danginmu a tsakanin, kowa ya san gudummawar da za ta samu daga wurina.

Na yi arziki daga baya, alhamdu lillahi, har na kai yarana makaranta. Ɗaya daga cikinsu taurarin ma ya karanta. In ya zo gida yana ba ni labarin abin da sama za ta yi, nakan saurara da kyau, in yi tambaya har ya gaji. Na gane gara a ce da ni baƙauye a cikin ɗaki, mutum ɗaya na ji, da a faɗa a tsakiyar kasuwa.